Tsutsar dankali da ta gauta: dangi ne, amma ba uwa ɗaya ba

Wani ɗan'uwa daga Talata Mafara ya ce ya ga ƙatuwar tsutsa mai ƙaho a bayanta tana cin ganyen dankalinsa, ya kuma ga mai kama da ita a gauta. Yana tambaya ko iri ɗaya ne, kuma ko suna harbi.

Malam, harbi dai babu, ƙahon nan na ban tsoro ne kawai. Dukkansu 'ya'yan manyan malam-buɗe-littafin dare ne, amma dubi ƙahon da kyau. Na ta dankali santsi gare shi, ya ɗan ranƙwafa kamar ƙaya. Na ta gauta kaushi-kaushi ne, ƙarshensa ya murɗe sama. Ita ce kuma ta fi girma, takan kai santimita 12, kuma har tumatir da zaƙami tana ci.

Idan sun ƙoshi sai su nutse cikin ƙasa su ƙulle cikin ɓawo ja-ja. Nan ma da bambanci. In kana haƙar dankali ka tono mai ɗan hannu a kai kamar mariƙin buta, na dankali ne, dogon bakin malam-buɗe-littafin da zai fito daga ɓawon ne ke naɗe a ciki. Ɗayan sumul yake.

Uwar ta dankali, masana na ce mata Agrius convolvuli, launin toka ce da zanen ja da baƙi a ciki. Bakinta ya fi jikinta tsawo, da magariba takan tsaya cak a iska tana zuƙar ruwan fure. Ana samunta daga Afirka har Asiya da Ostareliya.

Uwar ta gautar, wato Acherontia atropos, ita ce abin kallo. A doronta akwai zane kamar ƙoƙon kan mutum, fikafikan ƙasa rawaya, in ka kama ta sai ta yi tsuwwa kamar ɓera. Na san wanda ya yar da fitila ya ruga don wannan kukan. Bakinta gajere ne mai ƙarfi, don haka amya take kutsawa ta huda saƙa ta sha zuma, ƙamshin jikinta kuma yana rikitar da ƙudan su ƙyale ta. Takan yi ƙaura har Ingila.

In 'yan kaɗan ne a gonar, kada ka ɓata kuɗin feshi. Tsince su da sassafe. Baƙin kashinsu a ƙarƙashin ganye shi zai nuna maka inda suka laɓe.