Haƙoran ƙasa masu ƙusa: wane maƙali ya fi dacewa da mu mutanen arewa

Duk mai tsoho a gida da ke sa haƙoran roba ya san na sama ba su cika ba da wahala ba, ganɗa tana riƙe su. Na ƙasan ne rigima, harshe na ture su, ƙashin muƙamuƙi kuma yana ta zaizayewa tun da aka cire haƙoran asali, ana cikin cin tuwo sai ka ga sun taso. Maganin dai shi ne a dasa ƙusoshin ƙarfen titaniyom guda 2 a gaban muƙamuƙi, abin da likitocinmu ke kira anplan, a jira kamar wata 3 ƙashi ya kama su sannan a maƙala haƙoran a kai. Tun 2002 masana suka zauna a jami'ar McGill ta Kanada suka ce wannan ya kamata ya zama zaɓin farko ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa.

Mu daga Garwa, a arewacin Kamaru, muka kai Babanmu Yawunde aka yi masa, likitan ya baje mana samfuran maƙali a tebur ya ce mu zaɓa. Mai maganaɗisu ban daɗe a kansa ba, yana da sauƙin sawa ga tsoho mai rawar hannu amma riƙonsa ba ƙarfi, in yawu ya samu hanyar shiga kuma tsatsa yake yi. Mai ƙwallo, wato kan ƙusar ɗan dunƙule ne da zoben roba a cikin haƙoran, kamar maɓallin latsawa na rigar yara, ya fi araha kuma yana aiki, sai dai yana da tsayi, in ƙusoshin ba su miƙe daidai da juna ba zoben nan da nan yake cinyewa.

Mai sandar ƙarfe kam shi ne sarkin riƙo, ana haɗe ƙusoshin biyu da sanda haƙoran su kama ta da kilif, wani maƙwabcinmu shi aka sa masa har kilishi yake ja. Amma fa na ga wahalarsa, abinci na shigewa ƙarƙashin sandar, kullum sai ya zauna da ɗan siririn buroshi yana tsefewa, in aka yi sakaci dasashi ya kumbura ya cike wurin, ga tsada, in ya lalace kuma aikin labo ne, wato wurin da ake ƙera haƙoran, sai a sake kama hanyar kudu, mota zuwa Ngaundere sannan jirgin ƙasa na dare, da tsoho fa.

Mu wani maƙali da ake kira Locator muka ɗauka. Gajere ne, ba ya cin wuri a baki, a cikin haƙoran akwai 'yan hulunan nailan masu launi, shuɗi riƙo mai sauƙi, ruwan hoda matsakaici, fari mai ƙarfi sosai. Da shuɗi aka fara wa Baba don ya iya cirewa da kansa da daddare ya wanke. Yanzu yana tauna soya, wato tsire, da gyaɗa, yana jan salla a masallacin unguwa ba fargabar haƙora su faɗo. Hulunan dama an yi su ne su riƙa cinyewa a canza, aikin 'yan mintoci ne da likitan haƙori na nan gida zai iya in yana da ɗan ƙarfen cirewa, shi ya sa muka sayo ragowa muka taho da su. Ni wannan ne ya sa na fifita shi, gyaransa bai buƙatar tafiya.

In za ku kai naku a fara auna suga, mai taba kuma a yi masa faɗa ya bari, dukansu suna hana ƙashi kama ƙusa yadda ya kamata. Kuma kar ku baro asibitin sai likita ya rubuta muku sunan kamfanin anplan ɗin da girmansa a takarda, don kan maƙalin wani kamfani ba lalle ya hau ƙusar wani ba.