Kemis ɗin Maame a Asawase

Shekara uku ke nan ina sayen maganin hawan jinin Mma, mahaifiyata, a wani ɗan kemis da ke unguwar Asawase a Kumasi, ƙasar Ghana, kan hanyar Aboabo. Mai shagon 'yar Asante ce, Kirista, kowa Maame yake ce mata. Hausar zango a bakinta, tana sirkawa da Twi, yaren Asante.

A watan da keken ɗinkina ya lalace, katin inshorar lafiyar Mma ma ya ƙare ban sabunta ba. Na je da kunya na ce ta ba ni ƙwaya biyar ta amlodipine, iyakar kuɗina ke nan. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, hawan jini ba ya jiran albashi. Kai wa Hajiya, ka gaishe ta." Ta ba ni na wata guda, ta rubuta sunana a wani tsohon littafi. Wata biyu kafin na biya, ko sau ɗaya ba ta aiko ba.

Littafin nan cike yake da sunayen 'yan mata masu dakon kaya a kasuwar Kejetia, waɗanda ake kira kayayei, yawancinsu daga arewacin Ghana. Na ga ranar da aka kawo ɗaya jikinta zafi rau. Sai da Maame ta yi mata gwajin maleriya kafin ta ba da magani, sannan ta aika yaro ya sayo koko da ƙosai don kada ta sha a kan yunwa. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin shago kuwa ba ta karɓar sidinsa, asibitin Komfo Anokye take tura shi.

Wani abokina ya tare ni bayan Juma'a, wai me ya sa nake kai kuɗina wurin wadda ba Musulma ba. Maganar ta yi mini ciwo. Na tuna masa Suratul Ma'un da muka haddace tun muna makarantar allo: alamar mai ƙaryata addini a cikinta ita ce tunkuɗe maraya da ƙin kwaɗaitar da ciyar da miskini. Da wannan mudun nake fara auna kaina, kuma na san Maame ta fi ni cika shi. Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ma, a 2019, a lokacin bikin cikarsa shekara 100, ya taka har cocin Christ the King a Accra.

Shagon yana da nasa nakasu. Ya matse, kujera ɗaya ce, tsofaffi suna jira a tsaye. Ba ta ajiye insulin saboda ɗaukewar wuta, kuma wani lokacin farashinta ya ɗara na manyan shagunan Adum, cikin gari, kaɗan.

Ran Lahadi sai bayan azahar take buɗewa. Tana karɓar MoMo, wato biyan kuɗi ta waya. A azumi takan jinkirta rufewa har a sauko daga tarawihi.