Ajin Turanci na ranar Asabar a Barnsley: ya biya kuɗinsa, amma da saura

'Yan'uwa da dama da muke aikin kula da tsofaffi tare sun sha tambayata ko ajin nan da nake zuwa ranar Asabar ya cancanci a ba shi lokaci, ganin hutun ma ba isar mu yake yi ba. Amsata ita ce e, ya cancanta, ga wadda ta riga ta iya Turancin aiki amma hira ke gagarar ta. Wadda kuwa jarrabawar ƙwarewar Turanci ta IELTS ko OET ce a gabanta, ta nemi wani wurin, nan ba a koyar da dabarun jarrabawa.

Wata dattijuwa ce ke koyarwa, tsohuwar malamar sakandare da ta yi ritaya, a wani ɗakin taro na unguwa. Ba a zuwa da littafin nahawu. Babbar taswirar Birtaniya ce a jikin bango, kowane mako sai Malama ta ɗora yatsa a wani wuri ta ce yau nan za mu. A karanta rubutu shafi ɗaya a kan wurin, a saurari muryar wani ɗan wurin da aka naɗa, sannan a raba mu biyu-biyu mu yi ta magana. Idan mutum ya karya jimla ba ta katse shi. Takan rubuta a takardarta, sai a ƙarshe ta jero su a allo ba tare da faɗin mai su ba, mu gyara tare. Wannan tsari ya sa har masu jin kunya suna buɗe baki.

Darasin farko a kan ƙasar kanta ne. Mu a gida komai Ingila muke cewa, alhali ƙasashe huɗu ne a ƙarƙashin sarauta ɗaya: Ingila, Sikotland, Wales da Ireland ta Arewa, kowacce da babban birninta, wato Landan, Edinburgh, Cardiff da Belfast. Sikotland ta haɗe da Ingila a 1707, aka shigo da Ireland a 1801, sannan mafi yawanta ta ɓalle a 1922, ya rage yankin arewa. Malama ta nuna mana yadda aka haɗa tutar ƙasar daga gicciye uku, kuma babu alamar Wales a ciki. Ta bayyana dalilin da ya sa kowacce take da ƙungiyar ƙwallon ƙafarta, da yadda Sikotland ta samu majalisarta a 1999, ta kuma yi ƙuri'ar raba gardama a 2014 inda kashi 55 cikin ɗari suka zaɓi ci gaba da zama tare. Amfanin wannan a wurin aiki ba kaɗan ba ne. Ka ce wa ɗan Sikotland ɗan Ingila, kamar ka ce wa Babarbare Bahaushe ne don kawai ka ji shi yana Hausa. Ba zai yi faɗa da kai ba, amma zai gyara maka nan take, kuma ya san ba ka san shi ba.

Inda ajin ya fi yi mini rana shi ne makonnin da muka yi a kan Yorkshire, yankin da muke zaune. Garin Barnsley a kan gawayin kwal ya ginu. Yawancin tsofaffi mazan da nake kula da su sun yi aiki a ramin haƙar kwal, matan kuma ko 'ya'yan mahaƙa ne ko matansu. Na daɗe ina yi musu wanka, ina ba su magani, ina jin tarin da ke ƙirjinsu, ba tare da na san rayuwar da ta bar musu shi ba. Malama ta karantar da mu yajin aikin mahaƙa na 1984 zuwa 1985, wanda ya ɗauki kusan shekara guda, tsakanin ƙungiyarsu ƙarƙashin Arthur Scargill, shi ma ɗan yankin nan ne, da gwamnatin Margaret Thatcher da ta ƙudura rufe ramuka. Ta ba mu labarin yadda mata suka riƙa dafa abinci a tukunya ɗaya don ciyar da gidajen da albashi ya yanke musu, da yadda har yau akwai iyalan da ba sa ga-maciji saboda wani ya koma aiki kafin a janye yajin. Ramin ƙarshe mai zurfi a ƙasar, na Kellingley, an rufe shi ne a Disamban 2015.

Bayan wannan darasi na tambayi wani tsoho, wanda kullum amsarsa ba ta wuce kalma biyu, wane rami ya yi wa aiki. Ya dube ni sosai, ya faɗi sunan, sannan ya shiga ba ni labarin duhun ƙasa, da kejin da ke saukar da su, da mahaifinsa da shi ma a can ya ƙare ƙarfinsa. Ban gane komai da komai ba, don karin harshen tsofaffin Barnsley sai a hankali, amma na gane abin da ya ishe ni in sake tambaya, shi kuma ya sake amsawa. Tun daga ranar ba ya ƙin karɓar magani a hannuna. Wannan ne abin da nake nufi da hira. Kalmomin ina da su tun a makaranta a Zariya, abin da zan ɗora su a kai ne babu.

Sauraren karin harshe ma yana da amfani. An kunna mana mutanen Liverpool, da Newcastle, da Glasgow, kuma Malama ba ta ɓoye mana cewa ita kanta wani lokaci sai ta kasa kunne sosai ba. Sai dai muryoyin gajeru ne, kuma ba a ba mu su mu tafi da su gida. Da ana turo su ta waya, da mun saurara a cikin bas.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne makon Nuwamba. Mun yi Guy Fawkes da yunƙurin tarwatsa majalisa na 1605, wanda ya sa ake wasan wuta daren 5 ga wata. Mun yi jan furen da ake maƙalawa a ƙirji don tunawa da sojojin da suka mutu, da shirun minti biyu na ranar 11 ga wata. Aka yi ta maganar Faransa da Jamus, ba a ambaci ƙasar Bama (Burma, wato Myanmar ta yanzu) ba. Kakana yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawa suka kwasa zuwa can a Yaƙin Duniya na Biyu, runduna ta 81 da ta 82, kuma Hausa ce harshen da sojojin Najeriya ke amfani da shi a bariki. Na faɗi haka a aji. Malama ta saurara da kyau, ta yi tambayoyi, ta ce za ta nemi abin karantawa. Na yaba mata. Amma gaskiyar ita ce tsarin darasin gaba ɗaya ya tsallake mulkin mallaka. A ajin akwai 'yan Najeriya, da 'yan Gana, da 'yan Indiya da Pakistan. Ba za a ba mu labarin ko su wane ne mutanen Birtaniya a bar yadda Lugard ya ci Kano da Sakkwato a 1903 ba, ko haɗewar Arewa da Kudancin Najeriya a 1914, domin ta wannan hanyar ce Turancin ya iso gare mu tun farko, kuma ita ce ta kawo mu ɗakin. Darasi ɗaya tak da ya ishe mu mu fara.

Rubutu kuma ba a yin sa sosai. Wadda matsalarta rubuta rahoton miƙa aiki ce, ba za ta ga canji mai yawa ba.

Kuɗin wata bai kai abin da nake kashewa a bas a mako guda ba, kuma ana biya ne zama-zama, don haka ranar da aiki ya faɗo ba a yi asara ba. Ana farawa da ƙarfe uku na yamma. A hunturu rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, sai Malama ta mayar da hutun shayi daidai lokacin Magariba, ta kuma nuna mana wani ɗaki a gefe da muke sallah. Masu shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa, mai tambayoyi 24 da ake son a ci 18, za su tarar an taɓo abubuwa da yawa da ake tambaya, ko da yake sai sun haɗa da littafin hukuma. A je da littafin rubutu da biro, kuma a zauna kusa da taswirar, don daga baya ba a ganin sunayen ƙananan garuruwa.