Ƙofar shago mai ihu in an fita da kaya: abin da na gani

Masu shagon turare da kayan kwalliya a Gusau da kuke ta tambaya kan ƙofar nan da na sa a shagona na Tudun Wada, ga amsa. Wadda na saya ita ce mai aiki da maganaɗisu da sauti, za ku ga an rubuta AM 58kHz a kwalinta. Tana aiki wallahi, amma sai ka san halinta.

Ɗan farin sitikan da ake mannawa jikin kaya kar ka raina shi, in ka farke shi za ka ga siraran fallayen ƙarfe, na ƙasa mai maganaɗisu ne, na sama kuma sakakke ne a ɗan akwatinsa. Ƙofar tana turo ƙarfin maganaɗisu ta ɗauke, ta turo ta ɗauke, sai sakakken ya kama miƙewa yana tsukewa sau 58,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma ko ta ɗauke yakan ɗan ci gaba da rawa kamar tasar da aka ƙwanƙwasa tana amo, to wannan ragowar ce ƙofar ke saurare ta sa ihu. Kunnen mutum ba ya ji. Wannan hali na ƙarfe shi ke sa taransifoma kugi, James Joule ya gano shi tun 1842. Abin da ya fi burge ni ma ana juya shi, a 2011 masana a Jamus suka tura sauti mai saurin gaske a kan fallen nikel, sautin kaɗai ya kaɗa maganaɗisun cikinsa ba tare da eriya ba.

To matsalar ƙofar kuma daga wannan rawar ƙarfen take. Tunda sai ƙarfen ya samu sararin rawa, in yaron shago ya danne sitikan da ƙarfi ko ya lanƙwasa shi jikin kwalba mai zagaye, shi kenan ya mutu, kaya su wuce shiru. A manna shi inda ya miƙe. Sannan in ka jera kaya masu sitika dab da ƙofa za ta yi ta ihu ba kowa, haka ma in inbata na kusa, sai da aka nisanta su aka rage wa ƙofata kaifin ji ta natsu. Wanda ya zo haɗa mini bai faɗi ko ɗaya ba, wannan kam ban ji daɗi ba, kuɗinta ba kaɗan ba ne.

Kar ku yarda a sayar muku ba tare da na'urar kashe sitika da ake ajiyewa kan kantar biyan kuɗi ba, kuma ku tsare yaranku su rinƙa gogawa kafin su sa a leda. Hajiya ta biya kuɗinta ƙofa ta yi mata ihu gaban mutane, ba za ta sake dawowa ba. Mai ƙaramin shago da yake ganin kowa daga kujerarsa, ni ban ga dalilin ya saya ba.