Dahabiyya ko babban jirgi: wanne ya dace da iyali a kan Kogin Nilu?

Duk wanda ya zauna Alƙahira, ko karatu ya kai shi Azhar ko aiki, ya san ba ya rabuwa da baƙi daga gida. Wasu asibiti ke kawo su, wasu hutu, tunda jirgin EgyptAir yana tasowa daga Kano kai tsaye. In an gama da likita, an ga dalar Giza, an zaga kasuwar Khan Khalili, sai a fara tunanin inda za a kai su. Ni kudu nake cewa a nufa, a kwana a kan Kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 200. Sau biyu na kai 'yan gidanmu, a jirage iri biyu, kuma tazarar da na gani tsakaninsu ce ta sa nake wannan rubutu.

Faluka, ƙaramin kwalekwalen nan da iska ke turawa, ku bar wa samari: a kan katifa ake kwana a fili, kuma yawancinsu ba banɗaki. Jiragen Tafkin Nasir masu zuwa Abu Simbel su ma na cire su, don ruwa da hamada za a yi ta kallo har yara su gaji. Saura biyu ke nan: babban jirgi da dahabiyya.

Babban jirgi otal ne a kan ruwa, mai hawa huɗu ko biyar da ɗakuna hamsin zuwa saba'in. Daga Luksor zuwa Aswan kwana 4 ne, dawowa kuma kwana 3, saboda kogin arewa yake gangarawa. Ya fi sauƙin kuɗi, akwai na'urar sanyaya ɗaki, abinci kuma sai wanda ka zaɓa. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Da shi muka fara, shekarar da Hajiyarmu ta zo aikin gwiwa. Ba wanda ya gaya mana cewa waɗannan jirage a jere suke tsayawa a bakin ruwa, wannan manne da wancan. Namu ne na huɗu daga tudu, don haka duk fita da shiga sai Hajiya ta ratsa cikin jirage uku da sandarta, tana tsallake dokin ƙofa bayan dokin ƙofa. Ɗakinta a hawan ƙasa yake kusa da inji, in ta yaye labule bangon wani jirgin take gani, ga janareto na ruri har asuba. Wurin cin abinci sai an taka bene, kuma jirgin ba shi da lifta. A saman jirgin, inda iska da kallo suke, nan wurin iyo da mashaya suke, sai kawunmu ya ƙi hawa sam. Da dare aka kawo mai rawa, muka kwashe yara muka kulle ɗaki. A kwana na biyu Hajiya ta ce min, “Ɗan nan, ku je ku yi kallonku, ni ku bar ni a nan.” Wannan maganar har yau tana ci mini rai.

Dahabiyya kuwa daban take. Dogon jirgi ne mai manyan ƙyallaye biyu da iska ke bugawa, ɗaya gaba ɗaya baya, ɗakunansa ba su cika wuce huɗu zuwa goma ba. Sunan daga “dahab” ya fito, wato zinariya da Larabci. Da irinsa masu hali suke yawon Nilu a ƙarni na 19, kafin jiragen tururi na Thomas Cook, wanda ya fara kawo 'yan yawon buɗe ido kogin a 1869, su kawar da shi. Iska a wannan yanki daga arewa take kaɗawa, shi ya sa dahabiyya take tafiya kudu tana haura ruwa ba tare da inji ba. In iska ta kwanta, akwai ƙaramin jirgi mai inji da ke biye da ita, shi zai ja ta da doguwar igiya.

Yawancinsu daga Isna suke tashi, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Luksor. Hakan ya raba ku da jiran layi a hawis, mashigar da ake ɗaga jirage a sauke su, inda manyan jirage kan ɓata sa'o'i. Kuma da yake ba ta nutsewa sosai cikin ruwa, tana tsayawa inda manya ba sa iyawa: kufan tsohon birnin Alkab, da Jabal Silsila inda Fir'aunoni suka fasa duwatsun gina haikalansu, da tsibirai masu gonakin ayaba da mangwaro. Wasu suna kai baƙi Daraw, kasuwar raƙuman da ake korowa daga Sudan. Kawu, wanda ya girma a harkar dabbobi, ya fi jin daɗin wannan kasuwa a kan duk gine-ginen tarihin da muka gani.

Amma abin da ya sa na fifita ta shi ne in kuna da yawa za ku iya ɗaukar jirgin gaba ɗaya, ya zama gidanku. Mu goma sha ɗaya ne a tafiya ta biyu. Tun kafin mu shiga muka ce kada a ɗora giya, aka kuwa bi. Mata suka sake a sama ƙarƙashin rumfa ba idon baƙo. Mun zo da garin masara da kuka da daddawa da yaji, kuku ya ba yayarmu wuri ta tuƙa tuwo, washegari shi ma ya nemi ɗumame. Sallah a jam'i muka riƙa yi a sama, muna ƙasaru. Alƙibla daga nan gabas take, ta ɗan karkata kudu, amma kogin yana lanƙwasa, don haka kowace sallah sai mun tambayi rayyis, shugaban matuƙan. Daga ɗakin Hajiya zuwa sama matakala guda ce gajera, da dare kuma a ɗaure jirgin a bakin wani tsibiri, ba ka jin komai sai kwaɗi da kiran sallah daga ƙauyen tsallake. Kuɗinta ya ninka na babban jirgi ko ya fi, amma ban yi da-na-sani ba.

Lokaci mai kyau daga Oktoba ne zuwa Afrilu. Da bazara zafin Aswan yakan haura digiri 40. A Disamba da Janairu dare na da sanyi irin na hunturu, a riƙo wa tsofaffi rigunan sanyi, kuma farashi yana tashi a makon Kirsimeti da sabuwar shekara.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Abin da ya same mu a tafiyar farko ba tsautsayi ba ne, dillali ne ya cuce mu. Ya nuna mana hotunan wani jirgi, ya karɓi kafin alƙalami, ranar tafiya ya ce wancan ya cika, ga “irinsa”. A takardar da ya ba mu akwai 'yar kalma bayan sunan jirgin mai nufin “ko makamancinsa”, da ita ya kare kansa. Duk takardar da kuka ga haka a jiki, ku ce a goge, a rubuta sunan jirgi da lambar ɗaki da hawan da yake. Kada “tauraro biyar” ya ruɗe ku, kusan kowane jirgi haka yake kiran kansa, har wanda kafet ɗinsa ke wari.

Dahabiyya ma akwai ta bogi. Za a kafa ƙyallayen don hoto kawai, a yi ta jan ku da inji daga Isna har Aswan, hayaƙi na dawowa fuskarku. Ku tambaya a ina janareto yake kwana, a jikin jirgin ko a ƙaramin da ke biye, kuma ƙarfe nawa ake kashe shi. Ba a cinikin biri a sama: ku sa a kira ku ta bidiyo a WhatsApp daga cikin jirgin, a shiga banɗaki, a kunna famfo, a ƙirga muku matakala. Kada ku tura kuɗi asusun mutum da sunansa, sai na kamfani mai rajista da ofis.

Ku tambayi abin da kuɗin ya ƙunsa dalla-dalla: ruwan sha na gora, ɗan jagora, mota, kuɗin shiga wuraren tarihi, da bakshish, wato tukuicin ma'aikata, wanda ba makawa sai an bayar a ƙarshe. Manyan wuraren tarihin yanzu da katin banki ake biya, a tanadi wanda ke aiki a waje. A Idfu, keken doki ke kai mutane haikalin Horus. Ku yanke farashi kafin ku hau, ku tabbatar fam ɗin Masar ake nufi, kuma na zuwa da dawowa ne. Takardar papiros, irin ta Misirawan dā, da ake tallatawa a titi sau da yawa ta ganyen ayaba ce, shagon turaren da ɗan jagora ya nace a shiga kuwa la'adarsa yake nema. Matuƙa za su ce ruwan tsibiri tsaf yake, yara su faɗa su yi iyo. Kada ku yarda, tsargiya ba ta ƙare a Nilu ba, kuma a nema wa kowane yaro rigar kariya daidai jikinsa tun kafin a kwance igiya.

A tafiya ta biyu kashi ɗaya cikin uku na biya, bayan wani ɗalibi ɗan garinmu ya je Isna ya taka jirgin da ƙafarsa. Ragowar ban miƙa ba sai da Hajiya ta shiga ɗakinta, ta zauna a bakin gado, ta buɗe taga ta ga ruwa, ta ce ya yi mata.