Satar tasha a besbol: Lou Brock ko Rickey Henderson?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin Lou Brock da Rickey Henderson wa ya fi iya satar tasha a wasan besbol na Amurka. Henderson ne, kuma ba gudu kaɗai ya ba shi ba.

Satar tasha ita ce ɗan wasan da ke tsaye a wata tasha ya ruga zuwa ta gaba yayin da mai jifa ke jefa wa mai riƙe da sanda ƙwallo, ba tare da jiran a buga ta ba. Daga tasha ta ɗaya zuwa ta biyu ƙafa 90 ce. Ƙwallo tana barin mai jifa ta isa hannun mai cafewa cikin kusan daƙiƙa 1.3, shi kuma ya wurga ta tasha ta biyu cikin kusan daƙiƙa 2. Daƙiƙa uku da 'yan kai ke nan gare ka. Ka makara wajen tashi, ko mai jifa ya juyo ya tarar ka yi nisa da tasha, sai a fitar da kai, ƙungiyarka ta rasa ɗaya daga cikin dama uku na wannan zagaye. Wanda ba ya tsira sau bakwai cikin goma, gara ya tsaya inda yake.

Brock na ƙungiyar St. Louis Cardinals ya sata sau 938, an kama shi sau 307, nasarar kashi 75 cikin ɗari. Da nazari yake sata: yakan ɗauki masu jifa da kyamara, ya zauna yana duba motsin da ke nuna za su jefa gaba ko za su juyo. Yana ɗan shekara 35 ya yi 118 a 1974, abin da ya cancanci jinjina.

Henderson ya sata sau 1,406, an kama shi sau 335, kusan kashi 81. A 1982 ya yi 130 a ƙungiyar Oakland, duk da cewa an kama shi sau 42 a shekarar. Da kai yake nutsawa tasha, Brock kuwa da ƙafa. Ranar 1 ga Mayu 1991 ya wuce 938 ɗin Brock, Brock yana filin.

Babbar tazarar tana wurin isa tasha ta ɗaya, don sai ka isa can za ka yi sata. Henderson yakan duƙa sosai in ya riƙe sanda, wurin da mai jifa zai saita ya ƙanƙance, jifa huɗu su kauce, a ba shi tasha kyauta. Sau 2,190 ya samu haka, Brock sau 761.

Inda Brock ya yi zarra shi ne wasannin ƙarshe na fitar da zakara, wato World Series: bakwai ya sata a 1967, ya sake bakwai a 1968.