Maganin farfaɗiya kaɗai, ko a haɗa da gwajin tayirod?

Yarinya a Zariya ta fara faɗuwa, ga ruɗewa da gane-gane, karatu ya lalace. Maganin farfaɗiya kaɗai ya fi sauƙin samu, yana iya rage faɗuwar, amma ruɗewar takan ci gaba idan garkuwar jiki ce ta juya wa ƙwaƙwalwa, kamar a ciwon ƙwaƙwalwa na Hashimoto, wanda ke da alaƙa da tayirod, wato halittar da ke gaban wuya mai fitar da sinadari cikin jini. Gwajin jini a asibitin koyarwa na Shika ya fi cin kuɗi da lokaci, ni dai shi nake so iyaye su nema. Sinadarin tayirod kan fito daidai, ko maƙoƙo babu, sai ƙwayoyin garkuwar da ke yaƙar tayirod su nuna yawa. Likita ya tabbatar ba sanƙarau ba ne, sannan ya ba da prednisolone, maganin rage kumburi da ƙarfin garkuwar jiki, wanda yawancin yaran kan samu sauƙi da shi.